Zuwa gidan abinci da mazubinka

Malam, ka tambaya ko za ka iya zuwa gidan abinci a Bauchi da mazubinka don kwashe ragowa. Ƙwarai kuwa, ba abin kunya ba ne. Amma ka riƙe biyu: mai murfin murɗawa na miya, ɗaya kuma na masa ko shinkafa. In ka haɗa su, kafin ka kai unguwar Yelwa masar ta jiƙe ta dagargaje. Kwanon silba ya fi roba, don manja yana rina roba, wanki ba ya fitar da shi.

Shinkafa ce mai rigima. A zafin Afrilu kada ta wuce awa 1 a mota, domin gubar da take tarawa ɗumame ba ya kashe ta. In babu wutar firiji, a cinye ta da isa gida.