Yadda aka yaƙi sauro a Khartum

Tambaya: Malam, yaya aka rage zazzaɓin cizon sauro a Khartum zamanin Turawa, alhali babu maganin feshi? Daga mai karatu, Mai Wurno.

Amsa: Ɗan'uwa, tsutsar sauron aka bi tun tana cikin ruwa. Likita Andrew Balfour, jami'in lafiyar birnin daga 1904, ya baza 'yan duba-gari suna leƙa rijiya, randa, kududdufi, har jiragen kogin Nilu. Ruwan da ba na sha ba a zuba masa kananzir ya lulluɓe samansa, tsutsa ta rasa numfashi. Randa kuwa juye ta ake yi a wanke. Inda aikin kan ɓaci: iska ta tura man gefe guda, ko a makara, domin da zafin nan kwana 10 ya ishi ƙwai ya zama sauro.