Amsa: Kukan tayar gaba a Hilux

Malam, ka ce akori-kurarka tana wani gurnani a gaba idan ka kama hanyar Dukku, kuma yana ƙaruwa da gudu. Ina zargin boris ne, wato ƙarfen da taya take juyawa a kansa. Ka lura: in ka karya sitiyari hagu kukan ya ƙaru, na dama ne ya gaji, domin nauyin motar can yake komawa. Sai ka ɗaga ta da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana lilo, ko ka juya ta ka ji kamar yashi a ciki, magana ta ƙare.

In tsohuwar Hilux ce, boris biyu ne a kowace tayar gaba, na ciki da na waje. Ka canja su tare da zoben da suke gudu a kai, da sabon sil, wato robar da ke hana giris zuba. Don Allah ka tsaya a kan makanikenka wajen giris. Ba shafawa ake yi a sama ba; a tafin hannu ake zuba shi, a riƙa danna boris ɗin har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen. Na taɓa bari wani yaro ya ɗaure mini notin da ke riƙe boris tamau, ban kai Kumo ba wurin ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa. A ɗaure notin ana juya taya, sannan a ɗan sassauta.

Tunda kana shiga ruwa da damina, ka sa a buɗe a duba giris ɗin da zarar kaka ta yi.