Bargon ƙyallaye da ya ƙi ci gaba

Ƴar'uwa, kin ce ɗinkin hannun ya ƙi gaba, kuma bargon yana tattarewa. Yawanci daga yanka ne. Ragowar atamfar da kika samo wajen telolin babbar kasuwar Maradi, wanke ta tukuna ki goge, don wata na zuba, wata na tsukewa. Yanki kwali santimita 12 kowane gefe, da shi za ki auna kowane ƙyalle, ki bar santimita 1 na ɗinki. Ki riƙa haɗa ƙyallayen tara-tara, haɗi guda kullum bayan la'asar ya isa. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, dogo ƙullewa yake. Goga shi jikin kyandir. Wajen haɗa ƙyallayen sama, audugar tsakiya da shafin ƙasa, fara daga tsakiya ki yo baki.