Me ya sa danja ke tsare mutum da daddare alhali titi babu kowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a cikin garin Katsina, ina dakon kaya daga tasha, galibi sai wajen sha ɗayan dare nake komawa gida. Halin danja da daddare yana ɗaure mini kai. Wata za ta tsare ka a ja fiye da minti ɗaya, ka duba gabas ka duba yamma babu ko mashin. Wata ka tarar ruwan ɗorawa kaɗai take ƙiftawa. Wata kuma da rana lafiya ƙalau, amma kafin asuba ta mutu murus, musamman da hunturu. Lalacewa ce ko haka aka tsara su? Kuma in babu kowa, laifi ne in wuce? Tsayuwa a wurin da ba jama'a a wannan zamani na masu ƙwacen waya akwai fargaba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abubuwa uku ka lissafa, kuma kowanne da nasa dalilin. Mutuwar kafin asuba ce kaɗai za a ce lalacewa kai tsaye. Ƙiftawar tana iya zama da gangan, tana iya zama alamar matsala. Ita kuwa wadda ke tsare ka a titin da babu kowa, aikin da aka ɗora mata take yi daidai.

Danja ba ta ganin ka. A gefen mahaɗa, ko a jikin ɗaya daga cikin turakun, akwai akwatin ƙarfe mai ɗauke da na'urar da ke juya fitilun, wato kwantirola. A nau'in da aka fi kafawa a garuruwanmu, jadawalin daƙiƙoƙi kawai aka loda mata: hannu kaza kore na daƙiƙa kaza, sai ruwan ɗorawa, sai ja, a koma farko. In ka ga allon lambobi yana ƙirga saura daƙiƙa nawa tun daga farkon ja har ƙarshensa, to kusan tabbas irin wannan ce, domin na'ura ba za ta faɗa maka saura 60 ba sai in tun farko lokacin a yanke yake.

Ɗauki mahaɗa mai hannu huɗu da ake sakin kowane hannu shi kaɗai. In an ba kowanne daƙiƙa 30, zagaye ɗaya ya zama daƙiƙa 120, kuma 90 daga ciki kana kan ja. Wanda ya iso ja na kamawa zai yi minti ɗaya da rabi cur. In aka haɗa mai sa'a da marar sa'a, matsakaicin jira ya kai wajen daƙiƙa 34. Da la'asar, lokacin da motoci da Keke Napep da 'yan acaba suka cika kowane hannu, wannan lissafi yana da amfani, kuma ba ka jin tsawonsa don kana ganin waɗanda ake ba hannu suna wucewa. Da sha ɗayan dare kuwa daƙiƙa 90 ɗin nan dai ce, sai dai kwalta kake kallo tana cin koren da babu mai amfani da shi. Abin da ke ƙona ran direba ke nan.

Gyaran wannan ba ya buƙatar sabon kaya. Yawancin kwantirolin zamani suna karɓar jadawali fiye da ɗaya: na safe, na rana, na dare, har da na ranar Juma'a daban. In aka rage wa kowane hannu zuwa daƙiƙa 15 bayan goman dare, zagaye ya koma 60, jira mafi tsawo 45, matsakaici wajen 17. Amma kafin a yi haka sai an zauna an ƙirga motocin da ke bin kowane hannu awa bayan awa. Inda aka tsallake wannan ƙidaya, jadawali ɗaya ake lodawa ranar ƙaddamarwa a bar shi yana yi dare da rana. A ganina rabin ƙorafin direbobi daga nan yake, kuma aikin yini ɗaya ne ga injiniyan da ke riƙe da makullin akwatin.

Ko an saka jadawalin dare, sai agogon cikin na'urar yana daidai zai yi aiki. Ƙaramin batir mai kamar kwabo ne ke riƙe agogon in wuta ta yanke. In ya mutu, duk lokacin da danja ta ɗauke ta dawo sai agogo ya koma sifili, na'ura ta ɗauka dare ne alhali azahar ce. In ka ga danja tana ƙifta ruwan ɗorawa tsakar rana cikin cunkoso, da daddare kuma tana dogon zagaye, agogon ake fara dubawa.

Akwai kuma danja mai jin mota. Ana yanka kwalta dab da layin tsayawa a binne waya mai zagaye, in ƙarfen mota ya hau kai sai ta sanar da kwantirola. Wasu kuma kyamara ake ɗora musu a saman turke. Irin wannan da daddare takan bar babban titi a kore har sai wani ya zo ta ƙaramin titi. Matsalarta ita ce mashin ba shi da ƙarfe mai yawa, wayar tana iya rashin jin sa, haka ma motar da ta tsaya nesa da layi ko ta zarce shi. In ka ga alamar yanka mai kusurwa huɗu a kwalta, a kanta za ka tsaya. Kyamara kuwa hasken fitilun mota da ƙura a gilashinta suna rikita ta. In masu haƙa bututun ruwa ko masu facin titi suka tsinke wayar, na'urar takan ɗauka kullum akwai mota a wannan hannu, ta riƙa ba shi cikakken lokaci ko babu kowa.

Ƙiftawar ruwan ɗorawa iri biyu ce. Akwai wadda aka tsara: daga ƙarfe kaza na dare danja ta daina raba hannu, ta koma gargaɗi kawai. Za ka gane ta da cewa lokaci ɗaya take farawa kullum, ta daina da safe. Akwai kuma ta kariya. A cikin na'ura mai kyau akwai sashen da ke sa ido kada hannu biyu masu karo da juna su samu kore tare, ko jan wani hannu ya mutu. Da ya ga haka sai ya jefa mahaɗar gaba ɗaya cikin ƙiftawa har mai gyara ya zo. Wannan ba ta da lokaci, tana iya kwana uku a haka. Ko wacce ce, ma'anarta ɗaya: rage gudu sosai, duba, ka wuce in hanya ta buɗe. Kada ka ɗauka an ba ka hannu, domin mai zuwa ta gefenka wataƙila irin abin da kake gani yake gani, shi ma yana jin shi ke da hanya. In ja ce ke ƙiftawa, sai ka tsaya cak tukuna.

Saura mai mutuwa kafin asuba. Ɗaga kai ka duba saman turken: in akwai farantin sola, to da daddare batir kaɗai ke riƙe da ita. Ga misali da lambobi masu sauƙi. A ce mahaɗa tana da kawunan fitila 8, kowane yana cin wat 10, ga allunan ƙirga da kwantirola, duka wajen wat 100. A awa 12 na dare ana buƙatar wat-awa 1,200. Batir mai volt 12 da 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma irin na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. Ka ga ke nan sabon batir cike da caji, da ƙyar ya kai safe. Duk abin da ya ragu daga nan, danja ce za ta biya.

Hunturu yana cin ta gaba da baya. A Katsina daren Disamba ya haura awa 12 da rabi, rana ta gajarta, hazo ya tare hasken, ƙura kuma ta kwanta a kan farantin da babu mai hawa ya goge. Batir ba ya cika da rana, ga dare ya ƙara tsawo. Bazara kuma ɓarnarta a ɓoye take: batirin dalma an yi shi ne don zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage kusan rabin rayuwarsa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke kai digiri 40, cikin akwatin ƙarfen da ke tsaye a rana ya fi haka nesa. Batirin da ya dahu da bazara shi ne ke kasawa in hunturu ya zo. Na'urar caji tana yanke wuta da kanta in ƙarfin batir ya sauka zuwa wajen volt 11, don kada ya lalace gaba ɗaya, shi ya sa danjar ke farfaɗowa da hantsi kamar ba abin da ya faru. Alamar wannan ciwo ita ce lokacin mutuwar yana matsowa: bana ƙarfe huɗu, bayan 'yan watanni ƙarfe ɗaya, daga baya tun bayan isha'i. In kuwa rana ɗaya ta mutu dare da rana, a duba ko an sace batirin ko waya. Wadda aka jona da wutar Nepa ba tare da batir ba, ita da unguwar tare suke shiga duhu. Haska danja da dare dai tsohuwar matsala ce. Ta farko da aka kafa a Landan a Disambar 1868 da gas ake kunna ta, ba ta cika wata guda ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan da ke juya ta rauni.

Matacciyar danja ta fi mai ƙiftawa haɗari, don baƙon da bai san garin ba bai ma san akwai mahaɗa a wurin ba. Ka tsaya, ka bar na kan babban titi ya wuce, ka shiga a hankali. Wani abin da ke damun ido kuma shi ne fitilun LED da aka saita don su fito a tsakar rana. In babu na'urar rage musu haske da dare, suna kashe ido, mai tafiya a ƙasa ko mai mashin marar fitila da ke bayan turken ya ɓace maka. Gilashin gaba mai ƙura yana ƙara watsa hasken, don haka a wanke shi ciki da waje.

Batun wucewa a ja: doka ba ta raba dare da rana ba, laifi ne a kowane lokaci, ko da jami'in Road Safety ko na KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Katsina, a wurin ko babu. Amma ba tarar ce abin tsoro ba. Titin da babu kowa shi ne titin da ake gudu. Ƙa'idar cikin gari kilomita 50 ce a awa, wato mita 14 a daƙiƙa. Mai wannan gudu, daga ganin abu zuwa tsayawa da birki na hankali, yana cin wajen mita 46. Mai gudun 80 yana shafe mita 22 a daƙiƙa, kuma yana buƙatar fiye da mita 100. Ruwan ɗorawa galibi daƙiƙa 3 ne zuwa 5, an auna shi da gudun ƙa'ida. In na daƙiƙa 3 ya kama mai gudun 80 yana mita 80 daga layi, ba zai iya tsayawa ba, ba kuma zai kai layin kafin ja ba. Tirela ko tifa mai lodi ta fi haka muni, ga shi da dare suka fi ratsa gari. Motar da ka hango fitilarta can nesa a mita 100, in tana gudun 80, cikin daƙiƙa 5 tana kanka, kuma da dare ido ba ya iya auna gudun fitila mai tunkaro shi. Saboda haka ko kore ta ba ka, ƙirga ɗaya, biyu, ka duba hagu tukuna, don ta nan mota mafi kusa za ta fito, sannan dama.

Fargabar masu ƙwace gaskiya ce, maganinta kuma shi ne kada ka iso layin da wuri. Tun daga nesa in ka hango ja, ɗaga ƙafa daga totur, sauko giya ta biyu, ka gangara a hankali yadda kore za ta same ka kana motsi. Allon ƙirga yana taimakawa a nan: in saura 20 kana mita 100, tafiyar kilomita 18 a awa za ta kai ka daidai. In tsayuwa ta zama dole, ƙofofi a kulle, gilashi a sama, waya a aljihu ba a hannu ba, mota a giya. Bar tazarar da za ka riƙa ganin tayoyin bayan motar da ke gabanka, don ka iya fita ba sai ka yi ribas ba. In kana da zaɓin hanya, bi wadda ke da shataletale ko gadar ƙasa irin ta Ƙofar Ƙaura, inda ba a tsayuwa. In kuwa ka ga mutane sun nufo ka da makami, rai ya fi komai: duba hagu da dama, ka fice, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ka ba da rahoto. Wannan uzuri ne na barazanar da ido ya gani, ba na gajiya ko sauri ba.

In za ku kai ƙorafi, ya fi tasiri ta hannun ƙungiyarku ta direbobi, a rubuce, zuwa KASSAROTA ko ma'aikatar ayyuka ta jiha. Kada a tsaya a "danja ta lalace". A rubuta sunan mahaɗar, hannun da abin ya shafa, ƙarfe nawa take mutuwa ko fara ƙiftawa, ƙarfe nawa take dawowa, da daƙiƙoƙin da allo ke nunawa a ja da sha ɗayan dare. Da wannan bayani mai gyara zai san tun daga ofis ko batir zai ɗauko, ko tsani da tsumman goge faranti, ko kwamfutar sauya jadawali.