Ku Tambaya Mu Amsa: Fita Waje da Iyali a Hutun Ƙarshen Shekara

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: magidanta da iyaye mata na Maraɗi masu son fita waje da yara a hutun Nowel da sabuwar shekara, daidai lokacin da sanyi ya kankama a ƙasashen arewa. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Ni da maiɗakina da yara uku, mai shekara 11, mai 6, da na goye mai shekara ɗaya da wata goma, muke son fita kwana goma a ƙarshen Disamba. Yaran sun matsa sai sun ga dusar ƙanƙara. Ina ya dace, kuma yaushe zan fara shiri? (Magidanci, unguwar Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya. Tafiyar Disamba tun Satumba ake ɗaura mata ɗamara, kuma da takardu ake farawa, ba da tikiti ba. Kowa da fasfonsa, har na goyen. A buɗe na manya a duba ranar ƙarewa: yawancin ƙasashe suna son ya rage aƙalla wata shida, kuma ma'aikacin jirgi zai iya mayar da mutum tun a Yamai a kan wannan kaɗai. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan. Ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar, ana yi wa yaro daga wata tara, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Wanda nasa ya ɓace ya nemi sabo yanzu.

Wajen yankan tikiti a ɗora fasfo a kan tebur a kwafi suna harafi bayan harafi. A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami: fasfo ya ce Mahamadou, tikiti ya ce Mohamed. Gyaran yana cin kuɗi, wani lokaci sai an sake yankan sabo. Sannan ku lura da na goyenku. Wanda bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, ana biya masa kimanin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin babba. Idan ya cika biyu kafin ranar dawowa, dole a saya masa kujera. Yanzu yana da shekara ɗaya da wata goma, ke nan zuwa Disamba ya wuce, ku sa kujerarsa cikin lissafi.

Game da inda za ku, mu Maroko muka fi ba ku shawara. Jirgi daga Yamai zuwa Kasabalanka bai kai awa huɗu ba, ana jin Faransanci, abinci halal ne, ba ku da fargabar abin da yaro zai kai baki. Daga Kasabalanka jirgin ƙasa yana kai mutum Fas cikin kimanin awa huɗu, masu son ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani sun samu biyu a ɗaya. Garin Ifiran yana kimanin kilomita 65 daga Fas, bisa dutse, can ake samun dusar ƙanƙara. Amma kada ku yi wa yara alkawari. Ta fi tabbata a Janairu da Fabrairu, Disamba wata shekara a samu, wata shekara a tarar da ƙasa fayau. Kafin ku biya kuɗin komai ku tambayi ofishin jakadancin Maroko a Yamai ƙa'idar shiga ta wannan shekarar, don tana sauyawa.

Turai kuwa aikinta ya fi yawa. Bizar Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ce ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, sai inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Amsa takan ɗauki kwana 15, tana iya kai 45. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Kuma ranar 25 ga Disamba da 1 ga Janairu shaguna da yawa ba sa buɗewa, mai yara ya tanadi madara da burodi tun jajibere.

Tambaya: Ta Yamai ya fi ko ta Kano? (Ɗan kasuwa, Sabon Gari)

Amsa: Malam, ya danganta da inda aka nufa. Kano ta fi kusa, ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, kuma akwai jiragen Jidda, Alƙahira da Adis Ababa. Wanda ya zaɓe ta ya bi hanyar da rana tsaka, kada ya yi asubanci ko yamma. Yamai kimanin kilomita 660 ce, yini guda cur a mota, amma ita ce ta Kasabalanka da Istanbul. Ko wace aka bi, a isa da kwana ɗaya a hannu. Disamba lokacin hazo ne, jirage suna jinkiri, wani lokaci a soke tashi. Saboda haka idan akwai canjin jirgi a hanya, a yanki tafiyar duka a tikiti ɗaya, a bar aƙalla awa uku tsakani. Tikiti biyu daban-daban ya fi araha a ido, amma in na farko ya makara, na biyu ya tafi da kuɗinka, babu mai biyan ka. A kuma karanta lokacin tashi da kyau: jirgin ƙarfe biyun dare na ranar 24, a daren 23 ake zuwa filin jirgi.

Tambaya: Ɗana mai shekara takwas yana da sikila. Mahaifinsu ya ce a saya wa kowa babbar riga ɗaya mai kauri, shi ke nan. Hankalina bai kwanta ba. (Uwar yara huɗu, unguwar Zariya)

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya. Hunturunmu na asuba ne, hantsi na yi an tuɓe rigar sanyi, da azahar zafi ya kai digiri 30. Can ba haka ba ne. Istanbul a Disamba takan yini ƙasa da digiri 10 da ruwan sama da iska, Ifiran kuwa da dare ruwa daskarewa yake. Sanyi ne mai laima, ba ya ɗagawa.

Riga ɗaya mai kauri ba ta yi, saboda yaro yana shiga jirgin ƙasa ko shago mai na'urar ɗumama ɗaki sai ya yi gumi, ya fito gumin ya huce a jikinsa. Hawa uku ake sawa. Ta ciki mai kama jiki, riga da dogon wando, kada ta zama ta auduga don auduga tana riƙe jiƙa. Ta tsakiya ta ulu. Ta waje mai tare iska da ruwa. In an shiga wuri mai ɗumi a cire ta waje nan take. Kowane yaro a yi masa na ciki biyu, safar ulu ƙafa uku, hula mai rufe kunne, safar hannu, da takalmi rufaffe mai ɗan yalwa, don matsattsen takalmi yana hana jini gudu, yatsu su sandare. Masu gwanjo a Babbar Kasuwa suna kwance dilolin kayan sanyi tun kafin hunturu. Ki je da yaran a gwada a jikinsu, ki ja zik sama da ƙasa, ki ɗiga ruwa a hannun rigar: in ya gangare ta yi, in ya nutse ki ajiye. Ki tafi da man kaɗe don leɓe da ƙafa.

Shi mai sikilar, abu uku ke tayar masa da ciwo: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, da ƙarancin iskar shaƙa. Cikin jirgi iska tana raguwa kamar mutum yana kan dutse mai tsayin mita 2,000, Ifiran kanta ta haura mita 1,600. Mu dai ba mu ga dalilin hawa da shi dutse don kallon ƙanƙara ba. Garin Agadir na Maroko, bakin teku, da rana takan kai digiri 20, ta fi masa. Ki kai shi wurin likitansa wata guda kafin tafiya, a rubuta takarda da Faransanci mai bayanin ciwonsa da magungunansa. Magani a jakar hannu, kada a sa a akwatin da za a auna, akwati kan yi ɓatan kai. A riƙa ba shi ruwa ko bai nema ba, don cikin sanyi yaro ba ya jin ƙishirwa. Duk wanda zazzaɓi ya kama a can, ku gaya wa likita daga ƙasar sauro kuka fito, a gwada jini.

Gargaɗi ɗaya ga duk gidan: kada a kunna gawayi ko murhun gas a rufaffen ɗaki don jin ɗumi. Yana fitar da iskar guba marar wari. Idan mutum biyu ko uku suka tashi da ciwon kai, jiri da amai lokaci ɗaya, a buɗe tagogi a fita waje, a nemi asibiti. Kafin kama masauki a tambaya ƙarara ko akwai na'urar ɗumama ɗaki, gidaje da yawa a Maroko ba su da ita.

Tambaya: Ni kaɗai zan tafi Umra da ɗiyata, ga ni da ciki wata shida. Kuma sefa zan riƙe ko me? (Malamar makaranta, Bagalam)

Amsa: Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Ki ƙirga makonnin cikin zuwa ranar dawowa: daga mako 28 yawancin kamfanonin jirgi suna neman takardar likita, daga 36 ba sa ɗauka. Saudiyya tana sharɗanta rigakafin sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin shiga, ki tattauna da likitarki a kai. Ki riƙe takardar haihuwar yarinyar da takardar izinin mahaifinta mai hatimin hukuma. Makka ba sanyi sosai, amma Madina da asuba sai da rigar ulu. Sefa da wuya ki samu mai canza miki ita a can, ki mayar da ita yuro tun a gida: yuro 100 kimanin sefa 65,600 ne, farashin a tsaye yake, sai ladan mai canji. Ki raba kuɗin gida biyu, ki kuma je banki a buɗe miki katinki don aiki a waje, a gaya miki iyakar abin da za ki iya cira a rana.