Me Ke Kawo Bugun Zuciya Ga Wanda Ba Shi Da Ƙiba?

Malam, ka tambaya daga Gusau yadda yayanka ya samu bugun zuciya alhali ba shi da ƙiba; Allah ya ba shi lafiya. Kitse ne ke taruwa a jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, har gudan jini ya toshe hanyar. Hawan jini, ciwon suga, shan taba da gado ne manyan dalilai, kuma siriri ma yakan ɗauke su shekaru bai sani ba. Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar ciwon ƙirji a matsayin gyambon ciki. Tunda jininku ɗaya, ka je a auna ka, kuma idan ƙirji ya yi nauyi tare da zufa, a garzaya asibiti nan take.