Fayafayan Beatles da Mahaifina Ya Bari: Yaya Zan Yi da Su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Ingila a shekarun 1960, kuma a cikin kayan da ya bari mun tarar da ƙananan fayafayai guda goma sha huɗu na ƙungiyar mawaƙan rok ta The Beatles, kowanne da waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Wasu 'yan'uwana sun ce a sayar, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Shin suna da daraja? Ta yaya zan adana su? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya gafarta wa mahaifinki, ya sa ya huta.

Abin da ke hannunki shi ne faifai mai faɗin inci 7 wanda yake juyawa sau 45 a minti ɗaya, samfurin da kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da shi a 1949. A zamanin mahaifinki, ta wannan hanya sabuwar waƙa take fara isa kunnen jama'a, domin ɗalibin da ba shi da kuɗin babban faifai mai waƙoƙi da yawa yana iya sayen ƙarami. The Beatles, samari huɗu daga birnin Liverpool, sun fitar da irin waɗannan guda 22 a Birtaniya tsakanin 1962 da 1970, da farko da tambarin kamfanin fayafayai na Parlophone, daga 1968 kuma da tambarin kamfaninsu na Apple. Da yawa daga cikin waƙoƙin ba su shiga manyan fayafayan ƙungiyar na lokacin ba, saboda haka wanda ya tara ƙananan ya riƙe wani ɓangare na aikinsu da mai manyan kaɗai bai samu ba.

Game da kuɗi, gara in faɗa miki gaskiya: yawancinsu ba za su kawo wani abin kirki ba, domin an buga su da yawan gaske, har "She Loves You" ta 1963 ta wuce kwafi miliyan ɗaya a Birtaniya kaɗai. Abin da masu tarawa suke nema shi ne bugun farko wanda bai sha karce ba, yana cikin jakar takardarsa ta asali. Ki duba ko akwai "Love Me Do", faifansu na farko, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoba 1962 da lamba R 4949. Bugun farko jan tambari ne a tsakiyarsa, kuma Ringo Starr, mai gangar ƙungiyar, ne ya kaɗa ganga a ciki, alhali a sigar da ta shiga babban faifai wani makaɗi ne mai suna Andy White, inda za ki ji ƙarar ɗan bandiri mai kacau-kacau. An sake buga waƙar a 1982, don haka kada jan tambari kaɗai ya sa ki yanke hukunci; ki karanta ƙananan rubuce-rubucen da ke kansa, da lambobin da aka zana a santsin da ke kewaye da tambarin, ki nuna wa masani.

A ganina kada a sayar, sai dai tun da kayan gado ne, ki roƙi sauran magada su yafe miki, ko a ƙiyasta kuɗinsu a cire daga rabonki, domin a zauna lafiya. Sannan ki zauna da mahaifiyarki ko abokan karatunsa da suke raye, ki tambaye su wanne ya fi sawa, da inda ya saye shi, ki rubuta a takarda ki haɗa da kowane faifai.

Babban abokin gabar fayafayan nan a ƙasarmu zafi ne da ƙura. Zafin bazara yana lanƙwasa faifai cikin yini ɗaya idan an bar shi a mota ko a ƙarƙashin rufin kwano, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. Ki jera su a tsaye cikin kabad a ɗaki mafi sanyi, kada ki ɗora wani kan wani, ki riƙa kama su ta gefe. Ƙurar hunturu kuwa a share ta da ƙyalle mai laushi da tataccen ruwa, ana bin zagayen layukan, ba tare da an jiƙa tambarin ba. Kada kuma wani ya ɗora su a kan tsohon garmaho da ake murzawa da hannu, domin an yi shi ne don fayafayai masu juyi 78, kuma allurarsa ta ƙarfe za ta cinye layukan tun a sawun farko. Ki nemi na'urar lantarki mai juyi 45 da sabuwar allura, ki naɗi sautin a waya ko kwamfuta, ki raba wa 'yan'uwanki, sannan ki mayar da fayafayan ma'ajiyarsu.